Malam Sahabi da Injinan da Ba Su Yi Ɗumi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata ce, ranar kasuwar Mafara, da hantsi. Ina tsaye a bakin siton ofishinmu ana sauke sababbin injinan markaɗe daga bayan babbar mota, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Luba ce, matar Malam Sahabi. Ban ma gama amsa sallamarta ba ta ce, "Rabi, sai haƙuri, babanku ya cika." Ta ce bayan azahar za a kai shi makwancinsa. Na san na ce mata Allah ya jiƙan sa, na tsaya a bakin siton riƙe da wayar. 'Yan dako suna ta wucewa ta gabana da kwalaye a ka, suna ce min Hajiya a ba mu hanya. Injinan da ya yi shekaru yana roƙon kada a sake sayowa su ne suka iso a ranar da ya bar duniya, kuma ni aka damƙa wa mabuɗin ɗakin da za a jibge su.

Malam Sahabi ba mahaifina ba ne, ko dangin nesa ba mu haɗa ba. Abokin aikina ne, ko in faɗi gaskiya malamina ne, don a hannunsa na koyi duk ɗan abin da na sani. Ofishinmu shi ne mai raba kayan tallafi ga masu ƙananan sana'o'i a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, irin su kekunan ɗinki da injinan ban-ruwa, amma galibi injinan markaɗe na mata. Aikin Malam Sahabi shi ne ya bi sawun kayan bayan an raba, ya gano ko sun amfani waɗanda aka ba, ya rubuta ya kai sama. A takarda aiki ne babba. A zahiri kuwa teburinsa ne na kusa da ƙofa inda rana ke duka, kuma shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi in za a zuba wa baburan ofis mai.

Ni ma dalilinsa aka ɗauke ni. Yawancin waɗanda ake ba injinan matan aure ne, shi kuwa namiji, iyakarsa zaure. Sai ya dage sai an samo mace da za ta riƙa shiga masa cikin gida. Haka na zama idonsa na bayan katanga har shekara tara.

Ba zan manta fitarmu ta farko ba. Jangebe muka je, shi a kan tsohon babur ɗinsa, ni a motar haya. Ya zauna a dakalin ƙofar wani gida tare da maigidan suka shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya muka ji da jama'a, har na ƙosa. Ni kuma na shige ciki da takardar tambayoyin da aka aiko mana daga sama. Na tambayi matar gidan ko injin da aka ba ta ya taimaki sana'arta. Ta ce, "Alhamdulillahi." Na ce ko ciniki ya ƙaru? Ta ce, "Mun gode Allah." Na ce ko tana da wani koke? Ta ce, "Wane ni! Allah dai shi saka da alheri." Ni kuwa sai kafta "eh" nake yi a kowane layi. Kafin azahar na gama gida shida, na fito ina jin kaina, na miƙa masa takardun na ce, "Malam, duk sun amfana."

Ya karɓa, ko dubawa bai yi ba. Ya ce, "Rabi, ɗazu da na ce miki ina gajiya, mi kinka ce?"

Na ce, "Na ce babu gajiya."

"Ke da kinka baro jinjiri da zazzaɓi, kinka sha rami tun daga Mafara, ba ki gaji ba?"

Bai jira in amsa ba. Ya ce, "To su ma haka na. Wa kinka taɓa ji an ce mai yaya kasuwa, ya ce ta lalace? Mutumin ƙasarmu in an ba shi abu, ko bai yi mai ba, ba shi hwaɗi. Kunya ta hana, gudun butulci ya hana, ga tsoron kada a share sunansa in wani rabon ya zo. Wanda ya tsara wagga takarda bai taɓa gaisawa da Bahaushe ba. Koma ki taɓa injin."

Na koma ina ƙunƙuni, don wallahi a ranar na ɗauke shi tsoho mai neman fitina. Na ce wa matar gidan farko ta nuna min injin. Ta ja ni ɗaka. Ga shi nan a kusurwa an lulluɓe shi da zane, an jera masa kwanuka a kai. Na ɗora hannu, sanyi ƙalau, ko fentin bakinsa bai goge ba. Ta yi dariyar jin kunya ta ce, "Ɗiyata, kada ki rubuta. Layin ga gida biyar anka ba irinsa rana guda. Wa zai kai ma wa markaɗe? In na tayar da shi ma sai na dangi, su kuwa abin da za ki samu bai wuce Allah shi yi albarka ba. Ga mai ya yi tsada." Da na fito sai na tarar da Malam Sahabi a tsugune a jikin katanga yana duban rariya, wato ramin nan da ruwan wanke-wanke ke fitowa waje. Ya nuna min ya ce, "Gidan da ake markaɗe rariyarsa ja ce, da 'ya'yan tumatir a ciki, kaji na zarya a bakinta. Wannan kuwa ruwan sabulu kaɗai ke bin ta." Tun kafin in shiga ya san amsar, so yake kawai in gani da idona.

Haka yake aikinsa har ya koma ga Allah. Ba ya sanya rigar ofis in za mu shiga gari, kuma nesa yake ajiye babur ya tako da ƙafa, don kada labari ya riga mu a ce ga masu duba sun zo. Ya san halin mutanenmu sarai. Waɗanda suka sayar da nasu injin sukan aro na maƙwabta su girke a tsakar gida, har a watsa masa ɗan ruwan tattasai. Bai taɓa tona wa kowa asiri ba. Yakan ce, "Wanda ya sayar da inji ya sayi hatsi ya fi mu sanin abin da ke damunsa." Kaza ko ƙwaryar ƙwai in aka ba shi, sai ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce a ajiye masa amana sai ya dawo, kuma ba ya sake tambayarta. Ranar rabo kuwa, ranar da ake kafa rumfa a kira maroƙa da masu ɗaukar hoto, ba za ka gan shi ba ko da kuskure. Abokan aiki suna yi masa tsiya, suna ce masa Malam Damina Biyu, domin kullum maganarsa guda ce: "Ba a sanin aure ranar biki. A bari a yi damina biyu mu koma mu gani."

Kowace shekara yakan rubuta abin da muka gani, da hannunsa, sannan in buga masa. Ya rubuta cewa injinan sun yi wa unguwanni yawa. Ya rubuta cewa ba a tambayar mutum me yake buƙata kafin a ba shi. Ya rubuta cewa mai ƙosai da mai daddawa da mai kitso duk abu guda ake miƙa musu, sai ka ce ciwo ɗaya ke damunsu. Takardun sukan tafi sama, su tafi ke nan. Shekara na kewayowa sai ga babbar mota da kwalaye.

Ba na son in zalunci Daraktanmu, don shi ma ba mugu ba ne, aiko masa ake yi. Wata rana Malam Sahabi ya tsare shi a ofis ina wurin, ya ce, "Ranka shi daɗe, ban ce a yarda da ni ba. Cewa na yi a gwada. A ba ni wuri biyu. Ɗaya a yi masu yadda anka saba, a ba su inji. Ɗayan kuma a tambaye su abin da ya tsaye ma sana'arsu, a ba su shi. In an yi damina biyu mu koma mu duba duka biyun. In inji ya ci, ni da kaina zan riƙe maka laima ranar rabo."

Darakta ya yi dariya ya ce, "Malam, na san abin da za su ce. Tukunya da faranti za su ce. Kai kuma ka san tukunya ba ta kyau a hoto." Amma da naci ya yi naci, sai ya ce a yi, a kan sharaɗin kada a kira kowa kuma kada a kafa rumfa. Malam Sahabi ya fito yana murmushi har wushiryarsa ta bayyana, abin da ban saba gani ba.

Wurare biyun da aka ware su ne wata unguwa a Damri ta ƙasar Bakura, da wani ƙauye a ƙasar Maradun wanda ba zan kira sunansa ba. Dukansu masu noman shinkafa ne, girmansu kusan ɗaya. Don kada a ce ya zaɓi inda ransa ke so, sai ya rubuta sunayen a 'yan takardu biyu, ya cire hularsa ya jefa a ciki, ya miƙa wa tsohon maigadinmu da bai iya karatun boko ba ya ce ya ɗauko ɗaya. Ƙuri'a ta ba Damri inji. Ƙauyen Maradun kuma aka ce a je a tambaye su.

Ashe tambayar ma aiki ce. A can na san Gwaggo Ige, wata dattijuwa da ta daɗe da fita takabar mijinta, wadda ke riƙe da jikoki huɗu da sana'ar gumi, wato a dafa shinkafa da ɓawonta a shanya kafin a kai ta casa. Sau biyu ina zuwa ina ce mata me take buƙata, sau biyu tana ce min, "Alhamdulillahi, abin da kunka ga ya dace." Na fito na ce wa Malam Sahabi ni fa na gaji, matar nan ba za ta yi magana ba. Ya ce, "To bar tambaya. Tuɓe mayafin ki taya ta aiki." Na tuɓe. Muka kwashe shinkafa daga wata tsohuwar tukunya da aka liƙe gindinta wuri uku, muka baza ta a ƙasa tsirara. Ina korar awaki, iska na kwaso yashi tana zubawa a ciki. Can da rana ta take, zufa na zuba mata, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ke dai bari. Da ina da tamfol da tukunya ta ƙwarai, da 'yan kasuwa ba su raina min shinkafa ba. Kullum sai su ce da tsakuwa." Na fita da gudu na gaya masa. Ya ce, "Kin ji ko? Yini guda a rana ya fi takarda goma."

Aka ba Gwaggo Ige babbar tukunya da shuɗin tamfol. Sauran matan ma kowace aka ba ta abin da ta ambata, wata kaskon suya, wata baro na kai kaya bakin hanya. Bayan damina ta farko muka koma wuraren biyu. A Damri na taɓa injina, mafi yawansu sanyi ƙalau, kamar na Jangebe. A ƙauyen Maradun kuwa tun daga nesa muka hango hayaƙi. Gwaggo Ige ta ɗebo shinkafa a tafin hannu ta ce in tauna in ji ko akwai tsakuwa. Ta ce yanzu masu saye daga kasuwar Mafara har gida suke biyo ta, kuma ta ɗauki matar ɗan'uwanta tana taya ta. Na fito zaure ina rawar jiki na ce, "Malam, mun ci! Mu je mu rubuta." Ya ce, "Mun ga damina ɗaya, kuma bana shinkafa ta yi kyau ko'ina. Ta yiwu tukunya ce, ta yiwu shekara ce. Saura ɗaya." Na ce a raina wannan tsoho ko a Aljanna sai ya ce a jira damina biyu.

Damina ta biyu ba ta samu kowa a ƙauyen ba. Abin da ya samu ƙauyuka da yawa a ƙasarmu shi ya same su. Mutanen daji suka matsa musu, noma ya gagara, hanya ta gagara, har wata safiya gari ya watse. Kowa ya ɗauki abin da kansa zai iya ɗauka. Mu ma aka hana mu bin hanyar.

Malam Sahabi bai zauna ba. Wata uku yana bin unguwannin Mafara da ƙafa, yana tambaya a masallatai da tashar mota ko an ga mutanen ƙauye kaza. A wani kango da ba a gama ginawa ba muka samu Gwaggo Ige da jikokinta. Tukunyar ta yi nauyi, a can aka baro ta. Tamfol ɗin kuwa ta naɗo shi a ka, ga shi nan an ɗaure shi a saman kangon, shi ne rufinsu. Na ce, "Gwaggo, yaya muka ji da wannan abu?" Ta ce, "Alhamdulillahi, ɗiyata. Kin ga tamfol ɗinku ya rufa muna asiri." Na juya baya na yi kuka. Shi kuma yana bakin ƙofa a tsugune, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

Ana cikin haka aka aiko daga sama cewa za a sake sayen kayan tallafi, a faɗi abin da gwajin ya nuna. Darakta ya kira mu ya ce, "Malam, ga damarka. In ka rubuta cewa gwaji ya tabbatar tukunya ta fi inji, ni zan sa hannu in tura. Amma su can ba sa son wataƙila, eh ko a'a suke so." Da muka koma teburinsa na ja kujera na zauna a gabansa. Na ce, "Malam, don girman Allah ka rubuta eh. Ai mun gani da idonmu. Na tauna shinkafar da haƙorina."

Ya ce, "Damina ɗaya munka gani."

Na ce, "To laifin wa? Mu muka kore su? In ka rubuta bai kammala ba, ka san abin da za a kawo. Inji za a kawo, a jera masa kwanuka. Shekara nawa kana jiran wannan rana?"

Ya ce, "Rabi, sikeli mai kwano ɗaya ba ya awo. Ɗaya gefen ya watse."

Wallahi ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa taurin kansa zai cuci mata da yawa da ba su ji ba ba su gani ba. Na ce ƙarya guda ƙarama wadda za ta amfani talaka, Allah ma zai yafe. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "In na yi ƙarya don tukunya, mi ab bambancina da mai ƙarya don inji? Gobe wani zai zo da abin da ransa ke so, shi ma ya ce ya gwada. Abu guda gare ni a ofis ɗin ga, in na ce na gani, to na gani. In na sayar da shi yau, ko mai duban rariya ba ku da shi." Ya ɗauki biro ya rubuta cewa alamun damina ta farko suna da kyau ƙwarai, amma gwajin bai kammala ba, yana roƙon a ba shi wani wuri a sake. Ya miƙo min ya ce in buga. Na buga ina hawaye, kuma sati biyu bayan nan ban ce masa komai ba sai ina kwana.

Amsar da ta dawo layi biyu ce. Tunda babu tabbaci, a ci gaba da yadda aka saba. Zancen sake gwaji kuwa ko ambatonsa ba a yi ba.

Daga nan jikinsa ya soma. Da ma yana fama da hawan jini, sai ƙafafu suka kumbura, babur ya gagare shi. Ban ce takardar nan ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, kuma ba na so in yi saɓo. Amma na ga yadda ya daina yi wa maigadi tsiya, ya daina tambayar yaushe za a ba mu mai. Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa na je duba shi bayan la'asar. Yana kishingiɗe a tabarma a tsakar gida, Hajiya Luba na yi masa fifita. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin tasa, ni ma na ce babu gajiya, ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "An kawo su?" Na ce tukuna, amma suna hanya. Ya ce, "In an raba, ki ƙirga damina biyu ki koma ki taɓa." Na ce, "Malam, in taɓa in rubuta wa wa? Wa ke karantawa?" Sai ya ce, "Wannan kam ban sani ba, ɗiyata. Ki dai taɓa." Na so in roƙe shi gafarar muryar da na ɗaga masa, sai baƙi suka yi sallama, na ce a raina sai wani zuwan.

A zaman makoki na ga abin da ban zata ba. Mata daga Jangebe, daga Damri, daga ƙauyukan da na manta mun taɓa zuwa, suka yi ta shigowa gaisuwa, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai suka sani daga zaure. Wata ta ce wa Hajiya Luba kazar da ya bar mata amana ta yi jikoki, ba ta san wa za ta ba ba. Gwaggo Ige ma ta zo da ƙafa tun daga kangonta, ta zauna a bakin ƙofa har la'asar, ba ta ce komai ba sai Allah shi jiƙan sa.

Kwana biyu bayan addu'ar bakwai aka yi rabo. An kafa rumfa, an jera injinan a rana suna ƙyalli, manyan baƙi sun zo daga sama. An ce a sa 'yan gudun hijira a gaba, sai aka ɗauko sunayen da Malam Sahabi ya sha wahalar tattarawa a wata ukun nan da ya yi yana yawo da ƙafa. Shi ya tattara su ne don in an sake gwaji a mayar musu da tukwanensu. Da su aka kira mutane. Ina tsaye na ji an kira Gwaggo Ige. Ta taso, aka ɗora hannunta a kan injin markaɗe, aka ɗauki hoto. Matar da ba ta da ɗaki, ba ta da ƙofar da za ta kulle, ba ta taɓa markaɗe ba a rayuwarta. Aka kai mata lasifika baki aka ce ta faɗi yadda take ji. Ta ce, "Alhamdulillahi, Allah shi saka da alheri." Aka yi tafi.

Sai babban baƙon ya juyo ya ce ina jami'in da ke bin sawun kayan? Darakta ya ce Allah ya yi masa rasuwa, amma ga mataimakiyarsa. Aka buɗe min hanya. Mutumin ya gaishe ni da mutunci, ya yi min ta'aziyya, sannan ya ce, "Malama, ke da kike shiga gidajen, yaya shirin namu yake tafiya?" Ga Darakta yana kallona, ga mata ɗari zaune a rana suna jiran nasu, ga baƙo ya taso daga nesa da fara'arsa. Shekara tara ina da amsar tambayar nan a bakina. Na san Jangebe, na san rariya, na san sanyin ƙarfen a tafin hannuna. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Alhamdulillahi, ranka ya daɗe." Ya ce madalla, ya wuce.

Na rubuta wannan ne don in faɗi abin da na kasa faɗa a rumfar. Har yau ban san wanda ke da gaskiya tsakanina da Malam Sahabi ba a kan takardar nan. Wani lokaci in na tuna kangon Gwaggo Ige sai in ji haushinsa ya taso min sabo, in ce da ya rubuta eh da yanzu tukwane ne a siton. Amma ni da na ce masa ya yi ƙarya guda don talaka, ga shi na yi tawa, kuma ba don talaka na yi ba, don kunya na yi. An ɗauke teburinsa daga bakin ƙofa an sa injin ruwan sanyi a wurin. Ba a kawo kowa a madadinsa ba, kuma ban ji ana zancen kawowa ba. Damina ta farko ta kusa. Zan ƙirga, zan koma in taɓa tunda ya ce in taɓa, amma ba ni da wanda zai jira ni a zaure ya ce in koma in sake dubawa.

Ya Allah, ga bawanka Sahabi ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka karɓi tafiyar da ya yi da ƙafa a rana don mutanen da ba su da abin ba shi. Ka ba Hajiya Luba da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ka rufa musu asiri, kada ka bar su su nemi tallafin kowa sai naka. Ka mayar da Gwaggo Ige da ire-irenta garuruwansu lafiya. Ni kuma ka yafe min muryar da na ɗaga masa, tunda ban samu na roƙe shi ba. Ya ƙare rayuwarsa yana tambaya ana ba shi amsar kunya. Yanzu shi ne a wurin da ake tambaya, inda kunya da kara ba sa amfani. Ya Allah ka tabbatar da harshensa, ka ba shi ikon amsawa, mu ma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.